Filin Lafiyarku: Amsoshin tambayoyinku kan ciwon ƙofofin zuciya

Wasiƙun wannan fitowa duk daga jihar Kebbi suka zo, kuma duk a kan lalacewar ƙofofin da ke cikin zuciya suke. Mun taƙaita su, mun cire sunayen masu su. Adadin magungunan da muka ambata don majinyaci ya gane abin da ake ba shi ne a asibiti, ba don ya je kemis ya haɗa wa kansa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 11 ta yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Da farko sanyin ƙashi aka ce. Da aka yi mata hoton zuciya a Sakkwato sai aka ce ƙofar zuciyarta ta taɓu, za a riƙa yi mata allura duk wata har ta girma. Yanzu ta warke sarai, tana zuwa makaranta. Dangin mahaifinta sun ce allurar ta yi yawa, za ta shanye mata ƙafa. In daina?
Wata uwa, Argungu

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman yarinya. Kada ki daina, ko da na wata ɗaya. Lafiyar nan da kike gani, allurar ce ke gadinta.

Bari mu faro daga tushe don sauran masu tambaya ma su amfana. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa, da ƙofofi huɗu masu hana jini komawa baya. A hagu akwai ƙofar maitiral mai ƙyaure biyu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, sai ƙofar ayota inda jini ke fita zuwa dukkan jiki. A dama akwai tiraikosfid, da ƙofar da ke sakin jini zuwa huhu. Kowace na buɗewa ta rufe kusan sau dubu 100 a rana. Manomin shinkafa mai jan ruwa da inji a fadamar Argungu ya san bawul ɗin da ke gindin tiyo: in bai buɗe sosai ba ruwa ya zo kaɗan, in bai rufe ba ruwa ya koma rijiya, inji ya yi ta ƙugi a banza. Ƙofar zuciya ma ta hanya biyun nan take lalacewa, ko ta tsuke ko ta yi yoyo, wani lokaci ta haɗa duka.

Abin da ya sami 'yarki shi ne zazzaɓin rumatik. Asalinsa ciwon maƙogwaro ne da ƙwayar sitireptokokas ta rukunin A ke kawowa, galibi ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Ba ƙwayar ce ke cin zuciya ba. Garkuwar jikin yaron ce, da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta kasa bambance ta da naman jikin mai ita, ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya mako biyu zuwa uku bayan maƙogwaro ya lafa. Gaɓoɓi suna warkewa ba tabo, shi ya sa kowa ke ganin an rabu da ciwon. Ƙofa kuwa tabo take yi, musamman ta maitiral. Kuma duk ranar da ƙwayar ta sake shiga maƙogwaron yarinyar, garkuwar na iya sake tashi ta ƙara tabo kan tabo, har ƙyauren ya yi kauri ya manne da ɗan'uwansa.

Aikin allurar ke nan, ta hana ƙwayar sake samun wurin zama. Sunanta benzatin fenisilin. Babba ko yaron da ya kai kilo 27 ana ba shi yunit miliyan 1.2, wanda bai kai ba yunit 600,000, a cikin tsoka, duk kwana 28. Ki lura, kwana 28 muka ce, ba ƙarshen wata ba. Allura 13 ke nan a shekara. Maganin yana raguwa a jini yayin da mako na huɗu ke ƙarewa, don haka jinkirin mako ɗaya giɓi ne da ƙwayar ke iya shigowa ta cikinsa. Wasu yaran ma duk kwana 21 likita ke sa musu. A wani bincike da aka yi a Yuganda kan yaran da ciwon bai bayyana a jikinsu ba tukuna, bayan shekara biyu ƙasa da 1 cikin 100 na masu karɓar allurar ne ƙofarsu ta ƙara lalacewa, waɗanda ba a yi wa ba kuwa 8 cikin 100 ne. Yarinyar da ƙofarta ta riga ta taɓu kan ci gaba da allurar aƙalla shekara 10, ko har ta kai shekara 40 in tabon ya zauna, wasu kuma har iyakar rayuwa. Likitanta ne zai yanke, bayan sabon hoto.

Tsoron dangin mahaifinta yana da tushe, kada a yi musu dariya. Allurar da aka soka a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasa-ƙasa tana iya taɓa babbar jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa. Maganin wannan shi ne hannun da ya iya: a yi ta a kashin sama na gefen waje na ɗuwawu, ko a gefen cinya, a sauya ɓangare kowane zuwa, kuma ko kusa ba a yin ta cikin jijiyar jini. Tana da zafi domin ruwanta kauri gare shi. Ana rage zafin da ɗumama kwalbar a tafin hannu, da haɗa ta da maganin kashe zafi na lidokain in likita ya yarda, da tura ta a hankali cikin minti biyu zuwa uku. Yarinya ta ci abinci ta sha ruwa kafin a je, a yi mata tana kwance, a zauna a asibitin kamar rabin awa bayan an gama, kuma wurin ya kasance yana da allurar adirenalin a ajiye saboda wanda jikinsa bai karɓi fenisilin ba. Wannan ba allurar da mai kemis zai yi a bayan kanta ba ce. Wanda ƙofarsa ta lalace ƙwarai har zuciya ta raunana, likita na iya mayar da shi kan ƙwayar fenisilin miligiram 250 sau biyu a rana, don allurar kan jawo wa irinsu suma mai hatsari.

Ki kula da ƙannenta ma. Yaron da ciwon maƙogwaro ya faɗo masa farat ɗaya, da zazzaɓi, da zafin haɗiya, da kaluluwa a wuya, da farin mugunya a gefen maƙogwaro, amma babu tari babu majina, a kai shi asibiti. Amoksisilin na kwana 10 cur, ko allurar benzatin guda ɗaya, yana yanke zancen tun kafin ya kai ga zuciya. Kwana uku a daina saboda yaro ya fara wasa, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Kai shi wajen wanzami a cire beli ba ya kashe ƙwayar, sai dai ya ƙara rauni a wurin da take. In kuma kika ga yaro, musamman mace, hannu da fuska suna fizga ba da sonta ba, rubutunta ya lalace, kofi na suɓuce mata, kafin a ce iska ce a kai ta a duba zuciya, don wannan ma alamar zazzaɓin rumatik ce, kuma tana iya fitowa watanni bayan maƙogwaron.

TAMBAYA: Na je gwajin lafiya don neman aiki, likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjina ya ce ya ji wata ƙara. An yi hoto an ce ƙofa tana yoyo. Ni kuwa ko ciwon kai ba na yi, ina buga ƙwallo. Shekarata 27. Wane magani zan sha ta toshe?
Wani matashi, Kalgo

AMSA: Malam, babu ƙwaya ko saiwa ko rubutun likita da ke toshe yoyon ƙofa ko buɗe wadda ta tsuke. Magunguna suna rage wa zuciya nauyi, su cire ruwa, su daidaita bugu, su hana jini daskarewa. Ƙyauren kansa hannu ne kaɗai ke gyara shi. Duk mai tallan maganin wanke zuciya a kasuwa ko a Facebook da ya ce maka wani abu daban, kuɗinka yake so.

Amma fa ba kowane yoyo ne ciwo ba. Na'urar hoton zuciya ta eko tana ganin ɗan ɗigon yoyo a ƙofofin dama na mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, kuma zazzaɓi, ƙarancin jini da juna biyu suna iya sa a ji ƙara a zuciyar da ba abin da ya same ta. Ka koma da takardar, ka tambayi abu huɗu: wace ƙofa ce, me ya jawo, yoyon kaɗan ne ko matsakaici ko mai tsanani, sannan ɗakin ƙasa na hagu ya fara faɗi ko bai fara ba. Mai kaɗan kan sake hoto bayan shekara 3 zuwa 5, matsakaici bayan shekara 1 zuwa 2, mai tsanani duk wata 6 zuwa 12 ko da yana jin kansa garau.

A takardar za ka ga haruffan EF da lamba kusa da su, wato kason jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu. Ga mai lafiya yakan kama daga 55 zuwa 70 cikin 100. A nan akwai tarko. In ƙofar maitiral ce ke yoyo sosai, wani ɓangare na jinin baya yake komawa, sai lambar ta fito da kyau fiye da gaskiyar ƙarfin zuciyar. Shi ya sa a irin wannan yoyon, da zarar EF ta sauko 60, ko faɗin ɗakin ya kai milimita 40 a lokacin da ya matse, likitoci ke fara zancen aiki ba tare da jiran haki ba. Zuciya tana iya ɓoye yoyo shekaru ta hanyar ƙara girma, kuma in ta wuce wani mataki ko an sauya ƙofar ba ta komawa yadda take. Wanda ya jira sai ƙafa ta kumbura, sau da yawa ya makara.

In rumatik ne sanadin, allurar da muka yi bayani a sama ta shafe ka. Ƙwallo kuwa, mai yoyo kaɗan ba a hana shi.

TAMBAYA: Ina da cikin wata biyar, na biyu ke nan. Tun wata na huɗu nake haki ko shara na yi, da dare sai na jera filo uku, shekaranjiya na yi tari da ɗigon jini. A asibiti an ce ƙofar maitiral ta tsuke. Surukata ta ce nauyin ciki ne kawai, har ta tanadi itacen wankan jego da kanwa. Ina tsoron saɓa mata.
Matar aure, Yawuri

AMSA: 'Yar'uwa, tari da jini da kasa kwanciya a miƙe ba nauyin ciki ba ne. Ruwa ne ke taruwa a huhunki. Wannan makon, ba wata mai zuwa ba, ya kamata likitan zuciya da likitan mata su gan ki tare, a babban asibiti irin na tarayya da ke Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Ga abin da ke faruwa. Faɗin ƙofar maitiral mai lafiya santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne. In ya ragu zuwa 1.5 ko ƙasa, tsukewar ta yi tsanani. Mace na iya zama da ita shekaru ba ta sani ba, har ta yi haihuwar fari lafiya. Ciki kuwa yana ƙara yawan jinin jiki da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, yana kuma ƙara saurin bugun zuciya. Jini ya ƙaru, hanya ba ta ƙaru ba, lokacin wucewa a kowane bugu ya ragu, sai jinin ya taru a ɗakin sama ya danno baya zuwa huhu. Nauyin yana hauhawa har wajen wata na bakwai zuwa takwas. Sai kuma naƙuda da kwanakin farko bayan haihuwa, lokacin da mahaifa ke matsewa ta mayar da jini mai yawa cikin jijiyoyi a lokaci guda. Mata da dama a waɗannan kwanakin ake rasa su, bayan gida ya riga ya saki jiki an fara shirin suna.

Ana iya tsallake wannan in an shirya. Likita zai ba ki maganin rage saurin bugu irin su metofurolol don jini ya sami lokacin wucewa, da maganin fitar da ruwa irin Lasix, gwargwado. Za a gyara ƙarancin jini, a kare ki daga maleriya, don dukansu suna sa zuciya gudu. In bugun ya rikice ya zama ba tsari, za a ƙara maganin hana daskarewar jini, domin gudan jini na iya tashi daga ɗakin sama ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril, enalafiril da losatan ba a shan su da ciki, suna cutar da ƙodar jariri. In magani bai wadatar ba, akwai aikin da ba a buɗe ƙirji: ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuciya, a hura balan-balan a bakin ƙofar ya raba ƙyauren da suka manne. Ana iya yin sa da ciki, galibi bayan mako na 20, in ƙofar ba ta yi tauri ba kuma ba ta yoyo sosai.

Haihuwa a asibiti za ki yi, ba a gida ba, ba kuma a ƙaramin asibitin da babu iskar oksijin ba. Yawanci ana iya haihuwa da kai, a rage miki zafin naƙuda, a taimaka a gajarta yunƙuri. Ki faɗa wa duk nas ɗin da ta karɓe ki cewa kina da ciwon ƙofa, don allurar agometirin da ake yi wa wasu masu jego don tsayar da jini ba ta dace da ke ba. Ki zauna a asibiti kwanaki bayan haihuwa ko kina jin daɗi.

Maganar Inna kuwa, ƙauna ce ta sa ta tanadin nan, sai a bi ta da girmamawa. Amma kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, yana riƙe ruwa a jiki, ke kuma ruwan ne ke neman shaƙe ki. Tafasasshen ruwa da kwanciya kan gado mai wuta suna ƙara wa zuciya gudu. Kunu ba kanwa, wanka da ruwa mai ɗumi, shi ke nan. Kada ki ɗauki gardamar a kanki. Maigida ya tafi da Inna asibiti ta ji daga bakin likita. Bayan haihuwa a yi zancen tazara, da na hannu ko na mahaifa, ban da ƙwayoyin da ke ɗauke da istirojin, kuma a gyara ƙofar kafin wani cikin.

Ƙarin bayani ga sauran masu jego: akwai wani ciwon daban da ke raunana tsokar zuciya kanta a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Alamunsa iri ɗaya ne da na ƙofa, hoton eko ne ke raba su. Mai jego mai haki da kumburin ƙafa ba ƙarin kunu take buƙata ba.

TAMBAYA: Shekarata 34, malamin makaranta ne ni. An ce dole a sauya mini ƙofar maitiral, in zaɓa tsakanin ta ƙarfe da ta nama. Na ji ana yin ta naman da alade. Wacce ta fi, kuma ya rayuwa take bayan aikin?
Wani malami, Birnin Kebbi

AMSA: Malam, kafin zaɓe, ka tambayi likitan fiɗa ko ƙofarka za ta gyaru. Gyara ta asali, in zai yiwu, ya fi sauyi, sai dai ƙofar da rumatik ya daɗe yana ci ba kullum take karɓar gyara ba.

Wadda ake kira ta ƙarfe, da wani irin kabon mai tauri ake yin ƙyaurenta. Ba ta tsufa, tana iya kai ka ƙarshen rayuwa, za ka riƙa jin ɗan ƙas-ƙas ɗinta in wuri ya yi shiru. Sharaɗinta shan wafarin, maganin tsinka jini, kullum har abada, domin jini na son daskarewa a jikinta. Ta nama ba ta buƙatar wafarin sai na 'yan watannin farko, in dai bugun zuciya daidai yake, amma tana lalacewa cikin shekara 10 zuwa 15, kuma a jikin matashi ta fi saurin lalacewa, wato aiki na biyu na jiran ka. Ana yin ta da ƙofar alade ko da fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya. Kana da damar ka ce ta saniya kake so, ka faɗa tun wuri don a tanada. Hukuncin lalura kuma malaman fiƙihu ne masu shi.

A ƙa'ida, ɗan ƙasa da shekara 50 ta ƙarfe ake ba shi shawara, wanda ya haura 65 ta nama. A ra'ayinmu, a ƙasarmu akwai tambayar da ta riga shekaru: ina za ka riƙa yin gwajin INR, wanda ake yi wa mai shan wafarin, kuma za ka iya kuɗinsa da na mota duk wata, shekara da shekaru? Kai da kake cikin gari kana da albashi, ta ƙarfe za ta iya dacewa da kai. Makiyayi a ƙauyen da ke nesa da ɗakin gwaji, ko budurwar da ke gaban haihuwa, lissafinsu daban ne, don wafarin na iya nakasa ɗan tayi tsakanin mako na 6 da na 12.

INR ma'aunin tsinkewar jini ne. Na mai lafiya kusan 1 ne. Mai ƙofar ƙarfe a maitiral ana so nasa ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, a ayota galibi 2 zuwa 3. In ya yi ƙasa gudan jini ya maƙale ƙofar ko ya tafi ƙwaƙwalwa, in ya yi sama jini ya ɓalle. Da farko ana gwaji duk mako, in ya daidaita duk mako huɗu. Ka sha a lokaci ɗaya kullum, in ka manta har gari ya waye kada ka ninka. Ka riƙa karanta miligiram a jikin fakiti, kada ka dogara da launin ƙwaya, don kamfanoni sun bambanta. Flagyl, Septrin, sifurofuloksasin da fulukonazol suna ɗaga INR, rifamfisin na tarin fuka kuma yana kayar da shi ƙwarai. Ibufurofen da dikilofenak suna sa ciki zubar jini, farasitamol ne naka. Zogale, alayyahu, kabeji da sauran ganye suna da bitamin K mai rage ƙarfin wafarin. Ba a ce ka daina ba, ka riƙa ci daidai wa daida, ba yau kwano biyu na kwaɗo ba sannan mako uku babu. Ƙaho, tsaga da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ka rabu da su. Sababbin magungunan tsinka jini da ba su buƙatar gwaji, irin su ribaroksaban, ba a ba mai ƙofar ƙarfe, kuma ko ga mai ciwon rumatik da bugu ya rikice masa, babban binciken da aka fitar a 2022 ya nuna masu shan wafarin sun fi tsira.

Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10, matsanancin ciwon kai, faɗuwa daga babur kai ya bugu, karkacewar baki, ko sabon haki tare da dusashewar ƙarar ƙofar, duk na zuwa asibiti ne a daren.

Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Najeriya, a Inugu, kuma yau ana yi a cibiyoyi a Legas, Abuja da wasu biranen. Kuɗin miliyoyin naira ne, a fara haɗa shi tun ana da ƙarfi. A gyara haƙora kafin aiki. Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, a lokacin ba ɗaukar kaya ba tuƙi.

TAMBAYA: Ƙanena mai shekara 22 yana da ciwon ƙofa tun yana yaro. Mako biyar ke nan yana zazzaɓi da gumin dare, ya rame. An yi maganin maleriya sau uku, an ce taifot, ya sha ƙwayoyi, in ya lafa sai ya dawo.
Wani ɗan kasuwa, Zuru

AMSA: Alhaji, a daina saye-sayen magani, a kai shi babban asibiti yau, kuma maganar farko da za ku faɗa ita ce yana da ciwon ƙofa. Abin da muke tsoro shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga jini sun yi sheƙa a kan ƙofar da ta lalace. Sukan shigo ta ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini, ko ƙurji, ko allura da aska marasa tsabta. A can sukan huda ƙyaure, ɓarɓashinsu ya tafi ƙwaƙwalwa, ƙoda ko saifa. In ba a yi magani ba, kisa yake yi.

Ana gano shi da ɗibar jini sau uku daga wurare daban a shuka a ɗakin gwaji, da hoton eko. Gwajin Widal ba ya tabbatar da taifot, balle ya kore wannan. Ƙwayoyin da ya sha a tsaitsaye suna iya hana ƙwayar cutar tsirowa a gwaji, don haka ku tafi da fakitin duk abin da ya sha. Maganinsa allura ce ta jijiya mako 4 zuwa 6, wasu har sai an yi fiɗa. In ya warke, buroshi ko asuwaki safe da dare, kuma duk ranar da za a cire masa haƙori zai sha amoksisilin giram 2 minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Haka ma duk mai ƙofar da aka sauya.

TAMBAYA: Mai ciwon ƙofa zai iya azumi? Kuma wane abinci zai bari?
Wata baiwar Allah, Jega

AMSA: Hajiya, wanda ciwonsa kaɗan ne kuma ba ya haki yakan iya. Mai tsanani, mai kumburi, wanda aka yi wa aiki kwanan nan, mai ciki, da wanda INR ɗinsa ke hawa da sauka, Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame, su karɓa. A ga likita tun cikin Sha'aban don a sauya lokacin maganin fitar da ruwa, musamman in azumi ya faɗo a zafin bazara. Ba a tsallake allurar wata saboda azumi; wanda hankalinsa bai kwanta da yin ta da rana ba a yi masa bayan buɗa-baki. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya, kanwa, yajin tsire da taliyar leda duk suna cikin lissafin. Mai kumburi ya riƙa hawa sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a sanar da likita.

TAMBAYA: Mahaifinmu ɗan shekara 74 ya faɗi sau biyu a hanyar masallaci, yana kuma cewa ƙirjinsa na ɗaurewa in ya yi sauri. An ce ƙofar ayota ta tsuke saboda tsufa. Da shekarunsa, ba gara mu bar shi ya huta ba?
Babban ɗa, Gwandu

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya. Wannan daban yake da na rumatik. Sinadarin kalsiyam ne ke taruwa a ƙyauren da shekaru har ya ƙi buɗewa. Mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ana haifar su da ƙyaure biyu maimakon uku a wannan ƙofar, su nasu yakan zo da wuri, tun shekara 50 ko 60. Faɗinta na lafiya santimita murabba'i 3 zuwa 4 ne, in ya kai 1 ko ƙasa ya yi tsanani. Faɗuwar da yake yi, jiki ne ke neman ƙarin jini lokacin tafiya, ƙofa ta kasa saki, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta.

Ciwon yana iya yin shiru shekaru, amma da zarar suma, ciwon ƙirji ko haki sun bayyana, in ba a sauya ƙofar ba yawanci shekara biyu zuwa uku ake magana, kuma mutuwar farat ɗaya na cikin hatsarin. Shekara 74 kaɗai ba ta hana aiki. Ƙarfin ƙoda, huhu da jikinsa ake dubawa. Tun 2002, da aka fara a Faransa, ana iya saka sabuwar ƙofa ta jijiyar cinya ba a tsaga ƙirji ba, sai dai tsadarta ta fi ta fiɗa kuma cibiyoyin da ke yi kaɗan ne. Ku zauna da shi da likitan zuciya a faɗa masa gaskiya, shi ya zaɓa, kada ku yanke masa a bayan idonsa.

Kafin nan, a daina barin sa ya tafi masallaci shi kaɗai, a kai shi a abin hawa ko ya yi tafiyar a hankali yana hutawa. Ban da gona, ban da ɗaukar kaya. Ya sha ruwa isasshe lokacin zafi. Kada a ƙara masa maganin hawan jini ko na fitar da ruwa, ko ya sha maganin ƙarfin maza, sai da sanin likitan da ya ga hoton, don duk abin da ya kayar da ƙarfin jininsa farat ɗaya zai iya sumar da shi. In ya sake faɗuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa a baki, a nemi mota zuwa asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ba komai.